Kwalbar da Ta Yi Garau

Tunda ka fara haɗa maganin ido da hannunka, zauna ka ji wannan. Wani mai haɗa magani ne a wani asibiti, gwani, amma akwai shi da son a yaba. Yana da wani maganin ɗigawa a ido wanda garinsa ba ya narkewa sosai, kullum sai ya kwanta a gindin kwalba, sai an girgiza. Maganin yana aiki, amma ganin wannan laka yana ci masa rai. Sai ya samo wani sinadari mai lulluɓe gari ya narkar da shi, ya ƙara, ruwan ya yi garau. Sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a cikin kwalbar kuwa ya auna shi daidai yadda ya saba, don haka bai ga dalilin sake gwaji ba. Bai san cewa shi mai narkarwar ba ya zaɓe ba: yadda ya lulluɓe maganin, haka ya lulluɓe mai kashe ƙwayoyin. Mai gadi yana nan a bakin ƙofa, amma an ɗaure masa hannu.

Cikin waɗanda suka karɓa har da wata mai ɗinkin hula, wadda ido ɗaya ya rage mata, da shi take ci da marayunta. Tana ɗigawa, bakin kwalbar yana taɓa gashin idonta kamar na kowa, ƙwayoyin cuta suka shiga suka hayayyafa ba mai hana su, ruwan kuwa yana nan garau. Ido ya yi ja, ya kumbura, da safe kwantsa ta liƙe shi. Ita kuwa da ta ji tsoro sai ta ƙara yawan ɗigawa. Ranar da aka riƙo hannunta aka kawo ta, likita ya buɗe fatar idon, ya tarar fari ya rufe baƙin. Ta juya wajen da take jin muryarsa ta ce, "Likita, ku kunna fitila mana." Rana tsaka ce. Mai haɗa maganin yana tsaye a wurin, ya tuna cewa sauran kwalaben sun riga sun bi masu cin kasuwa zuwa ƙauyukan da bai ma san sunansu ba.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman gira a rasa ido.