Ango a Bakin Rafi

Tun kafin rana ta yi zafi suka bar kwalta. Motoci takwas ne, ko tara. Duk manya ne masu jan taya huɗu, irin waɗanda ake saya don a shiga inda babu hanya. Shugaban ƙungiyar ne a gaba kamar kullum, gilashi a rufe, sanyi na busa shi. A can ƙarshe kuwa wata tsohuwar mota ce mai fenti biyu, ta sabon shiga.

A ƙungiyar nan Ango ake ce wa sabon shiga, har ranar da za a manna masa tambari a gilashi. Ba a tambayarsa daga ina ya fito, injin motarsa kawai ake dubawa. Ango ne ke ɗaukar igiyar jan mota, shi ke shan taɓon kowa. In an isa ruwa kuma, shi zai tuɓe takalmi ya ratsa da ƙafa, a ga zurfin a jikinsa. In ya ƙi, babu tambari.

Wannan Angon wata uku ke nan yana bin su. Mutum ne mai ɗan furfura da hannuwa masu kanta, ba ya yawan magana. Duk wanda ya gan shi ya san yana son tambarin nan.

"Ango, kana nan, ko gwangwanin naka ya watse?" in ji Lauya, mataimakin Shugaba, ta oba-oba, rediyon da suke magana da juna.

"Ina nan, yallaɓai."

Hanyar damina ce, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi. Dokarsu a irin wannan hanya ɗaya ce: ba a tsayawa, wanda ya ɗaga ƙafa ya kafe. Haka suka ratsa ƙauyuka biyu. Suka take kaji, suka rushe dangar wani lambu, suka watsa wa wata tsohuwa mai ɗauke da itace taɓo har bisa kai. Oba-oba ya cika da dariya.

Da azahar suka ya da zango a gindin wata bishiya. Shugaba ya sa Ango ya shiga ƙarƙashin motarsa ya ƙwaƙule laka, su kuwa suna ci suna jefa masa ƙasusuwa kusa da ƙafa. Da ya fito, Lauya na cewa a juya daga nan, don an yi ruwa jiya, rafin gaba zai cika.

Ango ya durƙusa, laka na ɗiga daga gemunsa. "Yallaɓai, a taimaka. Wata uku nake jiran yau."

Shugaba ya yi dariya har da dukan cinya. "Kun ji? Ango na zumuɗin wanka. Ku tashi mu je."

Rafin ya cika kuwa, ruwa ja wur yana tafe da ganyaye. Amma sun san wurin. Bara ma ta nan suka bi, akwai wata gajeriyar gada ta siminti da ruwa kan rufe in ya yi yawa. Abin da ake so a sani kawai shi ne yadda ruwan ya hau kanta.

Mutanen ƙauye sun taru a kan tudu suna kallo. Wani dattijo ya taho da sauri yana ɗaga hannu, sai ya ga Ango yana naɗe wando. Ya tsaya cak, ya sauke hannun, ya koma cikin mutane.

"Motata yake sha'awa," in ji Shugaba. "Ku bar shi ya more ido."

Ango ya kulle motarsa, ya jefa makulli a aljihu. Aka miƙa masa sanda, ya ce a bar ta. Ya shiga ruwa a hankali, ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, hannuwa a ɗan buɗe, idonsa a kan wancan gefen.

"Kai, wannan ai ba ango ba ne, amarya ce!" in ji Lauya. "Ku dubi rangwaɗa!"

Ruwan bai wuce gwiwarsa ba, tun daga nan har can. Ya hau tudu, ya juyo, ya ɗaga hannu biyu. Alamar a taho ke nan.

Shugaba ya gyara bel, ya sa giya, ya danna ciki da ƙarfinsa, yadda dokar ta ce. Tsawon mota biyu ya yi, sai hancin motar ya sunkuya kamar an ja shi daga ƙasa. Gindin ya ɗaga sama, tayoyi na juyi a iska. Injin ya mutu. Gilashin kuwa na lantarki ne, ya ƙi sauka. Suna hango tafin hannunsa yana dukansa ta ciki.

"Igiya! A kawo igiya!"

Igiyar tana motar Ango, motar a kulle. Kafin su samo dutse su fasa gilashi, su zaro ta daga ƙarƙashin kaya, su warware ƙullin, rufin motar Shugaba ya ɓace. Sai kumfa. Can ita ma ta daina.

Lauya ya yi ta ƙwala wa Ango kira har muryarsa ta dushe. Shi kuwa yana zaune a kan dutse yana matse bakin wandonsa. Mutanen ƙauyen suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Su duk sun san ambaliya ta cinye tsakiyar gadar tun farkon damina, ta bar gefe ɗaya mai faɗin bulo guda. Ango ma ya sani, don a kan wannan gefen yake takawa duk mako ya ziyarci kabarin matarsa, wadda motar Shugaba ta take bara a bakin rafin nan, ayarin motocin bai tsaya ba.