Akwati Mai Koren Haske

Kun taɓa cin nasarar da kuke addu'ar kada kowa ya tambaye ku yadda aka yi? To irinta ce ta hana Digiri sakat wata takwas cur.

Digiri suna ne da kawunsa ya laƙaba masa tun da ya dawo daga jami'a da takardar injiniya, ya shiga garejin kawun yana yi wa kowa gyara. Kawu ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, kuma shi ne bakaniken ƙungiyar masu son motoci shekara ashirin. Rigima ɗaya ce ba ta mutuwa a ƙungiyar: ƙwaƙwalwar mota, ɗan akwatin nan da ke auna wa inji mai da wuta. Ɓangaren Kawu sun ce a bar ta kamfani, a sake mata lissafi kawai. Samari suka ce a tuge ta, a sa ta kasuwa wadda mutum zai tsara yadda ya ga dama.

Digiri ya zama bakin samari. Ya sayo akwati mai koren haske, ya cire tsohuwar ƙwaƙwalwar motarsa ya jefa a kan kanta, ya yi shela cewa zamanin tsofaffi ya wuce. Mota kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Kwana huɗu yana kwance ƙarƙashin sitiyari, wayoyi sun zubo masa a fuska, ko tari inji bai yi ba. Kawu na wucewa da sifana a hannu, iyakarsa ya ce, "Sannu da karatu, Digiri."

A rana ta biyar aka kira shi ganawar neman aiki a wani gari. Ya tura wayoyin ciki, ya ɗaure murfin ƙarƙashin sitiyari don kada a ga abin kunya, ya rataye makulli a ƙusa ya tafi. Bai samu aikin ba. Da ya dawo bayan kwana uku, ya ɗan ƙara ɗaure kan batir, ya murɗa makulli don fidda rai. Motar ta yi wani irin ruri da bai taɓa ji ba.

Daga ranar babu motar da ta sake shan gabanta. Daga ranar kuma ya shiga uku, don bai san me ya gyara ba. Bai ƙara kwance murfin nan ba, bai ƙara haɗa kwamfuta da akwatin ba, tsoron kada ya taɓa abin da ya yi daidai. Ya nemi tsohuwar ƙwaƙwalwar don ajiyar ko-ta-kwana, ya tarar an share kantar. In samari suka roƙi lissafin da ya zuba, sai ya ce sirrin sana'a ne. In suka ce ya sa musu irinta, sai ya ce kaya ba su iso ba. Kowace ƙarya ta haifi ƙanwarta, kuma kullum sai ya ƙara ɗaga murya a taro, don mai shiru ake tuhuma.

Bakin nasa ne ya ja masa. Wata rana a gaban kowa ya ce aikin Kawu na gidan tarihi ne. Nan take shugaban ƙungiya ya yanke hukunci: a yi tsere, motar Digiri da wadda Kawu ya tsara wa wani mai kemis. Ɓangaren da ya ci, bakanikensa ne zai riƙe motocin ƙungiya. Kuma bisa dokarsu, wanda aka kayar shi zai binciki motar da ta kayar da shi.

Digiri ya rasa mafita. In ya faɗi, ya zubar da samari. In ya ci, Kawu zai kwance murfi ya ga kwamacalar wayoyin da ya tura da gaggawa, ya yi masa tambaya ɗaya a bainar jama'a, shi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi, a tsohon filin jirgin da suke haya, ya ci da tazarar mota biyu. Samari na ihu, shi kuwa hannunsa ya ƙi barin sitiyari.

Kawu ya karɓi sukudireba, ya durƙusa da ƙyar, ya zura kai ƙarƙashin sitiyarin, kafaɗarsa ta tare ƙofar. Digiri na tsaye a bayansa. Can Kawu ya mayar da murfi, ya ɗaure kowane noti da kansa, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Aikin nan ba shi da makusa," in ji shi. "Ɗana ya ci."

Da yamma ya ɓamɓare tambarin ƙungiyar daga ƙofar garejinsa, ya miƙa wa Digiri, ya ce ya je ya ci abinci, ya rame.

Yanzu motoci shida ne jere a sabon garejin Digiri, an sayo wa kowacce akwatinta, gobe zai fara yanke musu wayoyi. Ya fara yarda cewa ashe ya iya. Kawu ya rantse bakinsa ba zai furta ba. Don haka, don Allah, wanda ya san yaron nan ya je yau ya gaya masa: akwatin motarsa da batir kaɗai aka haɗa shi don ya riƙa ba da koren haske, tsohuwar ƙwaƙwalwar da Kawu ya mayar ya sake wa lissafi cikin kwana ukun da Digiri ya yi tafiya ita ke tuƙa injin.