Rigar Fatalwa a Shagon Baba

Ina ɗan shekara bakwai aka kawo wa Baba wani aiki a shagonsa na ɗinki a Harlem. Kayan wasan opera ne na Rashawa, labarin sarkin da ya sa aka yanka wani yaro don ya hau mulki, daga nan fatalwar yaron ta hana shi sakat. Ran nan bayan la'asar rigar fatalwar ce a hannunsa, fara fat, sai ƙanshin sitati take.

"Zo nan, tsayinku ɗaya da mai sa ta," in ji shi.

Ya zura mini ita yana daidaita kafaɗa. Da ya ɗauko jan zaren da zai yi jinin wuyan da shi, ya kara a maƙogwarona, sai hannunsa ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallona. A hankali ya cire mini rigar, ya tofa mini addu'a a ka.

"Je ka sayo mana shayi."

Da na dawo, na tarar ya sa wa matashin kujera rigar, yana ɗinka jinin a kai.

Yanzu ɗana ya kai wannan tsayin. Duk rigarsa, maɓallin wuyan a buɗe nake barinsa.