Barcin La'asar

A gidanmu ba a barcin la'asar. Kaka ta ce lokacin iskoki ke yawo, wanda suka tarar kwance ba ya tashi da hankalinsa.

Shekarar da na shiga kwalej a Buza, tun kafin asuba nake tashi in ɗebo ruwa, sannan in kama hanya a ƙasa. Wata Laraba na dawo, ko takalmi ban cire ba, na ɓingire kan tabarmar Inna. Sama-sama na ji sandar Kaka tana matsowa.

"Tashe ta, rana ta sunkuya!"

"Bar ta, Iya," in ji Inna. "Ɗiyar ga ba ta samun kwana. In sun zo, ni za su ishe."

Ta zauna bakin ƙofa, ta ɗora hannunta a goshina, yana ƙamshin gabun albasa. Sai magariba na farka, lafiya lau.

Da damina Inna ta kwanta, ba ta tashi ba. Na san zazzaɓi ne, likita ma ya faɗa. Amma har yau, in 'yata ta dawo daga karatu a lakwal tana gyangyaɗi da la'asar, ba na tashinta. Bakin ƙofa nake zama.