Ɗanɗana Min Gishiri

Damina ce, shekarar da kogi ya cinye mana shinkafa a Tunuga, kowane gida ya yi tsit. Ni kuma na tashi daga zazzaɓi, bakina ɗaci, ko kunu aka kawo sai in kawar da kai. Inna ta yi lallashi har ta gaji, ina ta ramewa.

Wata rana bayan la'asar Kaka ta kira ni gindin zogale.

"Ke raguwa, zo ki taya tsohuwa aiki. Ba ci na ce ki yi ba."

Ta turo min ƙwaryar dafaffen zogale, ta nuna min yadda ake matse ruwan a tafin hannu. Na barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, ita tana yanka albasa. Kwaɗo ke nan, maƙwabtanmu Dendawa su ce kopto. Har yau ina jin ƙanshin ƙulin nan a yatsuna.

"Harshena ya tsufa," in ji ta. "Ɗanɗana min gishiri."

Na ɗanɗana, na ce da saura. Ta ƙara ɗan mitsitsi, kamar mai rowa. Na sake ɗanɗanawa. Haka muka yi ta yi har ƙwarya ta kai rabi. Inna na bakin ɗaki tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, amma na ga ta share ido da gefen zane.

Yanzu in autana ya ƙi ganye ba na faɗa. Ƙwarya nake miƙa masa, ina kewar tsohuwar nan.

Washegarin ranar da muka yi kwaɗon nan da Kaka, da sassafe na ɗauki faifai, na tsigo zogale da kaina, na ce wa Kaka ta taso ta hura wuta.