Muryoyi a Kwalaben Humra

"Wallahi Alhaji, akwai aljanu a shagon nan! Waƙa nake ji daga wajen akwatin can!" in ji Balkissa.

Mijinta Nashiru, mai lodin kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu a ƙasar Sin, ya ja tsaki. "Amanar mutane ce a akwatin. Waƙoƙin tsofaffin matan ƙauyen Rasha, an naɗi muryoyinsu a jikin sandunan kaki shekaru aru-aru. Babu irinsu a duniya, gobe gidan adana tarihi zai karɓa. Kuma kaki ba ya waƙa sai da na'ura."

Ya buɗe akwatin. Wayam!

Kun san Balkissa da karambani. "Au, ba kyandir ba ne? Na narkar, na liƙe bakin kwalaben humrata."

Can cikin kwalin kwalaben humra, wata tsohuwa ta soma rerawa.

Nashiru ya fice a guje, ya bugo ƙofa garam.