Ƙofar Burtali

Tun da aka yi wa burtali ƙofar ƙarfe mai buɗewa da waya, Sambo makiyayi bai taɓa tsayawa ba sai yau. Ya danna, ya sake dannawa, ƙofa ko motsi. Shanu sun jiyo ƙamshin kogi, sai tunkuɗar juna suke. Dama da hagu gero ya nuna, masu gonakin kuma sun daina hira, sun miƙe tsaye.

Ya kira kamfanin.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji yarinyar da ta ɗauka. "Mun daina aiki da tsofaffin wayoyi. Masu irin taku ba ku da yawa."

"Haka ne, 'yata," ya ce, idonsa na kan bajimin da ya juya wajen gero. "Shanun ne da yawa."